Wai tauraron kwak ne? Abin da hasken RX J1856 ya faɗa, da abin da aka sa masa a baki

Ranar 10 ga Afrilun 2002, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tara 'yan jarida ta ba su labarin da ya zagaya duniya cikin kwana ɗaya. An ce na'urar hangen nesa ta Chandra, wadda ke shawagi a sama tana kama hasken eksire, ta auna wani tauraro mai suna RX J1856.5-3754, an tarar faɗinsa kimanin kilomita 11 ne kacal. Wannan ya yi wa tauraron nutiron kaɗan ƙwarai. Don haka aka ce wataƙila abin da ke cikinsa ya wuce nutiron, ƙwayoyin kwak ne tsagwaronsu, waɗanda a ƙa'ida a ɗaure suke cikin nutiron da furoton, ba a taɓa ganinsu a sake ba. Har yau in ka bincika sunan tauraron a intanet za ka ci karo da shafukan da ke kiransa tauraron kwak.

Ina so mu duba wannan da'awa tare, mai karatu. Kallon da Chandra ta yi wa tauraron babu abin kushewa a cikinsa. Inda nake da ja shi ne tsakanin hasken da aka kama da lambar nan ta kilomita 11. A wannan tsakanin an yi wani zato guda game da fatar tauraron, kuma duk ginin a kan zaton ya tsaya.

Tauraron nutiron gawa ce, gawar babban tauraro. Idan tauraro mai nauyin rana sau takwas ko fiye ya cinye makamashinsa, sai cibiyarsa ta rufta, sauran jikin ya tarwatse a fashewar da ake kira sufanoba. Abin da ya rage dunƙule ne mai nauyin rana ɗaya da rabi ko kusa da haka, a cushe cikin ƙwallon da bai fi babban birni ɗaya faɗi ba. A can cikinsa cunkoso ya wuce na cibiyar atom, kuma babu ɗakin gwajin da zai iya kwaikwayonsa a doron ƙasa. Masana fiziks suna da lissafi iri-iri kan yadda abu ke kasancewa a irin wannan matsi, kowane lissafi da girman tauraron da yake bayarwa. Wanda ya ce abin yana da tauri, tauraronsa mai faɗi ne. Wanda ya ce yana lotsawa, nasa ƙarami ne. To ka ga duk wanda ya auna girman tauraro ɗaya daidai ya raba gardamar da aka kwashe shekaru ana yi. Shi ya sa kilomita biyu ko uku ke tayar da jijiyar wuya a wannan fanni.

Matsalar ita ce yawancin taurarin nutiron ba sa barin a ga fuskarsu. Wasu suna da abokin zama, tauraro na biyu da suke zuƙe wa iska, hasken iskar da ke zubowa ya dushe komai. Wasu kuma masu walƙiyar rediyo ne, hasken ƙwayoyin da ke gudu a kewayensu ya rufe na jikinsu. Sai tauraron ɗan'adam na Jamus, ROSAT, wanda aka harba a 1990, ya gano wasu guda bakwai da ba su da ko ɗaya daga cikin wannan hayaniya. Ba aboki, ba rediyo, zafin jikinsu kawai suke fitarwa suna hucewa a hankali. Masana suka laƙaba musu sunan wani fim ɗin kaboyi na 1960, The Magnificent Seven. RX J1856 shi ne mafi haske a cikinsu. Frederick Walter na jami'ar Stony Brook da abokan aikinsa biyu ne suka bayyana shi a mujallar Nature a 1996, shekara guda bayan nan na'urar Hubble ta hango ɗan ɗigonsa a hasken da ido ke gani. Yana cikin rukunin taurarin Corona Australis, kusa da wutsiyar rukunin kunama. Daga arewacin Najeriya ko kudancin Nijar kana iya ganin wannan yanki na sama ta kudu da daddare a watannin damina, in gajimare ya bari. Shi kansa tauraron kuwa kada ka wahalar da idonka: ya fi tauraro mafi dushewa da ido ke iya gani dushewa fiye da sau miliyan 50.

To yaya ake auna girman abin da ko a Hubble ɗigo ne? Ka tuna maƙeri. Yana duban launin ƙarfe a wuta ya san zafinsa, ja ne, ko ruwan lemo, ko ya yi fari. Haka masana ke yi. Suna baje hasken tauraro kamar yadda ruwan sama ke baje hasken rana ya zama bakan gizo, su ga nawa ne ya zo a kowane mataki na ƙarfi. Wannan shi za mu kira bakan haske. Siffar bakan tana ba da zafi. In ka san zafi, akwai ƙa'idar da ke gaya maka yawan hasken da kowane taku na fatar jikin zai fitar. In kuma ka san nisa, ka san jimillar hasken da tauraron ke fitarwa. Ka raba wannan da wancan, ka sami girman fatar. Lissafin ɗan sakandare ne, amma yana da tarko biyu. Na farko, in nisa ya ninka, girman ma ya ninka. Na biyu ya fi muni: in ka yi kuskuren ninka zafi sau biyu, girman da za ka samu zai ragu sau huɗu. Daga nan zan riƙa ba ka rabin faɗi, wato daga cibiya zuwa baki, don da shi maƙalun ke magana. Abin da ake tsammani ga tauraron nutiron kilomita 10 zuwa 14 ne, kuma da yake nauyinsa yana lanƙwasa haske, daga nesa sai ya bayyana ya ɗan fi haka girma.

Tarkon farko ya kama mutane tun da wuri. Ana auna nisan tauraro na kusa ne kamar yadda za ka miƙa yatsa ka rufe ido ɗaya, sannan ka rufe ɗayan, ka ga yatsan ya goce. Duniya tana zagaya rana, tauraron yana ɗan gocewa a kan na bayansa, girman gocewar ya ba da nisa. A 2001 Walter ya auna da hotunan Hubble ya sami kusan tafiyar haske ta shekara 200. A 2002 David Kaplan da Marten van Kerkwijk da Jay Anderson suka sake duba hotunan nan dai, suka sami kusan 460. Walter da James Lattimer suka ƙara da sabon hoto suka sami kusan 380. Awon 2010 ya tsaya a wajen 400, kuma shi ake riƙe da shi. Cikin shekara ɗaya ke nan tauraron ya ninka girma ba tare da ya motsa ba. Wannan ba abin zargi ba ne, gocewar da ake aunawa ƙanƙanuwa ce ainun, kuma an gyara ta cikin gaggawa. Tarko na biyu shi ne wanda har yanzu ba a fita daga cikinsa ba.

Ƙa'idar nan da na ce tana haɗa zafi da yawan haske, ta Max Planck, an yi ta ne don wani jiki na tunani, wanda ke shanye duk hasken da ya faɗa masa, ya kuma fitar da iyakar abin da zafinsa ya yarda. Masana suna kiransa baƙin jiki. Tauraro na gaske yana da mayafin iska, kuma hasken sai ya ratsa mayafin kafin ya fito. A tauraron nutiron ƙarfin jan ƙasa ya ninka namu sau biliyan 100 ko fiye, saboda haka mayafin a matse yake, kaurinsa santimita kaɗan ne, wani lokaci ma bai kai ba. Ka ɗaga hannunka ka duba tsawon yatsa ɗaya. Kusan duk abin da muke gani na tauraron da ya fi rana nauyi, ta cikin wannan ɗan kauri yake fitowa. Kuma wannan jan ƙasa yana tace sinadarai nan da nan, masu nauyi su nutse, mafi sauƙi ya taso sama kamar mai a kan miya. Ɗan haidirojin kaɗan da ya faɗo daga sarari ya isa ya rufe fuskar tauraron baki ɗaya, ko da ƙarfe ne a ƙasa.

Me mayafin haidirojin ke yi wa haske? Ka ɗauki garwashin da toka ta lulluɓe. Saman tokar ba shi da zafi sosai, can ƙasa ne wutar take. Haidirojin yana tare hasken eksire mai rauni, amma mai ƙarfi yana ratsa shi cikin sauƙi. Don haka mai rauni daga saman tokar yake fitowa, mai ƙarfi kuma daga can cikin garwashin. Kai da kake nesa kana haɗa su wuri ɗaya, sai ka ga kamar tauraron ya fi ainihin zafinsa, har kusan ninki biyu. In ka ɗauki wannan zafi na bogi ka zuba a ƙa'idar Planck, tauraronka zai fito ɗan mitsitsi. Mayafin ƙarfe kuma nasa halin daban ne. Atom ɗin ƙarfe yana da lantarki da yawa a jikinsa, kowanne yana cizon haske a wani mataki, sai bakan ya fito da giɓi-giɓi kamar haƙoran tsohon zarto. Waɗannan giɓi su masana ke mafarkin gani, domin suna faɗin sinadarin da ke wurin, kuma gocewarsu daga inda aka san su a ɗakin gwaji tana faɗin ƙarfin jan ƙasar tauraron kai tsaye.

Da wannan buri aka juya Chandra kan RX J1856, mafi yawa a watan Oktoban 2001, jimillar kallon ta kai kusan daƙiƙa 500,000, wato kusan kwana shida cur a kan ɗigo ɗaya. Lokacin irin wannan na'ura tsada gare shi, ba a ba da kwana shida don wasa. Da aka baje hasken, ba giɓi ko ɗaya. Bakan sumul yake, ya bi lanƙwasar Planck ta zafin digiri kusan 700,000 kamar da ita aka zana shi. Samfurin mayafin ƙarfe da na silikon da José Pons da abokansa suka gina, wanda ya dace da tsofaffin bayanai, ya faɗi nan take, don giɓin da ya yi alkawari babu su. Na haidirojin kuwa tun kafin nan ya riga ya faɗi: in ka daidaita shi da hasken eksire, sai ya yi hasashen hasken ido da ya ninka wanda Hubble ta gani kusan sau 100. Tirƙashi. Tauraron da aka zaɓa don tsabtarsa ya ƙi kowane mayafi da aka ɗinka masa.

A nan ne Jeremy Drake na cibiyar Harvard-Smithsonian da tawagarsa suka ce, to, tunda baƙin jiki ne kaɗai ya dace, mu ɗauke shi a haka mu ga. Suka sami rabin faɗi tsakanin kilomita 3.8 da 8.2, gwargwadon nisan da aka zaɓa. A ba su haƙƙinsu: kan maƙalarsu tambaya ce, da alamar tambaya a ƙarshe, kuma sun kawo hujja. Sun ce in wani ɗan yanki ne kawai mai zafi a jikin babban tauraro, ai da tauraron yana juyawa za a ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa, ga shi kuwa ba a ga haka ba. Hujja ce mai ma'ana.

Amma ka lura da abu uku. Baƙin jiki shi ne gwanin fitar da haske, babu abin da ya fi shi a zafi ɗaya. Duk wata fata ta gaske ƙasa da shi take fitarwa, don haka tana buƙatar fili mafi faɗi kafin ta ba da hasken da aka gani. Ke nan lambar da Planck ya bayar ita ce mafi ƙanƙantar abin da tauraron zai iya zama. An ɗauki ƙasan awo an kira shi awo. Sannan baƙin jikin ma bai dace da komai ba. In ka ja lanƙwasar da ta dace da eksire ka kai ta ɓangaren hasken ido, abin da Hubble ta gani ya ninka ta kusan sau 7. An san da wannan rara kafin taron 'yan jarida. Rara irin wannan tana nufin akwai fili mai faɗi, marar zafi sosai, da ke haskawa inda Chandra ba ta gani, kuma wannan shi ne ainihin abin da ƙaramin tauraro ba zai iya bayarwa ba. Na ukun ya fi ba ni mamaki. Lissafin da ake da shi tun shekarun 1980 ya nuna cewa tauraron kwak tsirara ba ya iya fitar da irin wannan haske mai rauni yadda ya kamata. In kuma yana da ɓawon abu na yau da kullum a samansa, to ya dawo da mu kan tambayar mayafi da muka gudu daga gare ta. Amsar da aka kawo ba ta ma warware abin da aka kawo ta don shi ba.

Ba a yi wata shida ba Walter da Lattimer suka fito da nasu lissafin, suka sami kusan kilomita 15. Joachim Trümper, wanda ya jagoranci aikin ROSAT, da abokansa suka bi hanyar zafi iri biyu a fatar a 2004, suka ce aƙalla kilomita 16 da rabi kamar yadda ake gani daga nesa, har suna cewa tauraron hujja ce cewa abin da ke ciki yana da tauri. Ka ji fa. Haske ɗaya, na'ura ɗaya, wani ya ce ya yi ƙanƙanta har sai kwak, wani ya ce girmansa ya kore lissafin masu laushi. Su ma ba su tsira ba, domin hujjar Drake tana nan tana jiransu: ina walƙiyar yankin mai zafi? Sai a 2007 Andrea Tiengo da Sandro Mereghetti suka tono ta daga bayanan na'urar Turai ta XMM-Newton. Tauraron yana juyawa sau ɗaya kowace daƙiƙa 7, amma hasken yana canzawa da kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai. Don yanki mai zafi ya yi irin wannan ɗan motsi, sai dai a ce muna kallon tauraron kusan ta kan sandar juyawarsa, ko yankin yana zaune daf da ita. Yana yiwuwa, amma sa'a ce ake roƙo. Wannan juyi na daƙiƙa 7 ya kuma kashe wata mafita da wasu suka kawo, wai gudun juyawa ne ya shafe giɓin ƙarfe. Tauraron da ke juyi a hankali haka ba ya shafe komai.

Aikin da na fi ganin ƙimarsa shi ne na Wynn Ho da abokansa, shi ma na 2007. Sun ɗauki maganaɗisu da muhimmanci. A ƙarfin maganaɗisu irin na waɗannan taurari, atom yana matsewa ya zama siriri kamar allura, alluran su sarƙe da juna, har fatar ta daskare ta zama tauri maimakon iska. Shi kansa Drake, tare da Roberto Turolla da Silvia Zane, ya bi wannan tunani a wata maƙala ta 2004, abin da ke nuna bai kafe kan kwak ba. Ho ya ɗora siririn mayafin haidirojin a kan daskararren ƙarfe, siriri yadda eksire zai ratsa shi amma hasken ido ba zai ratsa ba. Da wannan ya dace da ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya, da zafin digiri kusan 430,000 da rabin faɗi kusan kilomita 14, wanda daga nesa ke bayyana kamar 17. Tauraron nutiron na yau da kullum ke nan. Ka lura yadda zafin ya sauko daga 700,000, girman ya haura.

Sai dai kada mu yi masa irin rawar da aka yi wa na 2002. Samfurin yana da maɓallai da yawa da ake murɗawa har ya dace, kuma ɗaya daga cikinsu kaurin mayafin ne, kusan giram ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. In ya fi haka da yawa ya lalace, in ya gaza ya lalace. Me ya tsayar da shi daidai nan? An kawo dalilai, ba wanda ya zama tilas. Kuma samfurin yana son maganaɗisu na gaus tiriliyan 3 zuwa 4. Shekara guda bayansa van Kerkwijk da Kaplan suka auna yadda juyin tauraron ke raguwa, suka sami kusan tiriliyan 15. Awon biyu ba abu ɗaya suke aunawa daidai-wa-daida ba, amma ninki huɗu ba ƙaramin rata ba ne. Ni dai a ganina kilomita 14 ta fi kilomita 5 kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Amma ba zan sa ta a ma'auni in ce ta raba gardamar cikin tauraro ba.

Babban laifin 2002 na masu shirya sanarwa ne. Maƙala ta yi tambaya, sanarwa ta ba da zafi da faɗi kamar an sa tef an auna, ba tare da mai karatu ya fahimci cewa lambar tana rataye da zaton baƙin jiki ba. An kuma haɗa shi da wani tauraro, na cikin 3C 58, da aka ce ya yi sanyi fiye da kima, don labarin ya yi ƙafa biyu, alhali matsalolin biyu ba su da alaƙa.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce tarihi ne. Amma dubi Cassiopeia A, ragowar wata fashewa da haskenta ya iso duniya wajen shekara 340 da suka wuce. Hoton farko da Chandra ta fitar a 1999 ya nuna ɗigo a tsakiyarta. Da Planck, rabin faɗinsa kilomita 1 ne ko ƙasa. Da haidirojin, wajen 5. A 2009 Ho da Craig Heinke suka gwada mayafin kabon, sai ya fito sama da kilomita 10, daidai yadda ake so. Aiki ne mai kyau, amma ka ga yadda hujjar ta tafi: an yarda da kabon ne saboda ya ba da girman da ake tsammani. Ba giɓin kabon aka gani ba. To in haka ne, ba ka da ikon juyowa ka ɗauki kabon a matsayin tabbas, ka auna girma da shi, ka ce ka gano abin mamaki. Kusan haka aka yi a 2022. Victor Doroshenko da abokansa na jami'ar Tübingen suka wallafa a Nature Astronomy cewa tauraron da ke cikin HESS J1731-347 nauyinsa kashi 77 cikin 100 na rana ne kawai, rabin faɗinsa kilomita 10.4, mafi sauƙin da aka taɓa gani, kuma wataƙila, ka riga ka canka, tauraron kwak ne. Lambar tana tsaye ne a kan cewa mayafin kabon ne, zafin fatar ɗaya ne ko'ina, nisan kuma na wani tauraro ne da ke gefensa da aka ɗauka tare suke. A 2023 Jason Alford da Jules Halpern na jami'ar Columbia suka nuna cewa rashin ganin walƙiya bai isa ya tabbatar da zafi ɗaya ko'ina ba, yankuna masu zafi na iya ɓoyewa. Shekara 20 tsakani, rami ɗaya. Duk da haka maƙalu masu yawa sun riga sun ɗauki 0.77 da 10.4 suna tace lissafin cikin tauraro da su.

Shi ma RX J1856 ya sake shiga jaridu a ƙarshen 2016. Roberto Mignani da tawagarsa suka yi amfani da babbar na'urar VLT da ke ƙasar Chile suka auna ko igiyoyin haskensa suna kaɗawa ta fuska ɗaya. Suka sami kashi 16 cikin 100, da yiwuwar kuskuren kashi 5 sama ko ƙasa. Aka ce alama ce ta farko ta abin da Werner Heisenberg da Hans Euler suka hango a 1936, cewa maganaɗisu mai tsanani yana sa sarari fanko ya riƙa sarrafa haske kamar gilashi. Auna wannan a ɗigo mai dushewa haka gwaninta ce, ban rage musu komai ba. Amma kafin ka ce fanko ne ya jera hasken, sai ka san yadda ya baro fatar, iska ce ko daskararren ƙarfe, ta wace kusurwa kuma muke kallo. Tambayar 2002 ce ta dawo da sabuwar riga, kuma wasu masana fiziks sun yi saurin cewa awon bai kai hujja ba.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: da yake hasken wannan tauraro sumul ne kuma ba ya canzawa shekara da shekaru, da shi ake gwada lafiyar na'urorin eksire da kansu, Chandra da XMM-Newton da waɗanda suka biyo baya. Dabara ce mai amfani, don tana nuna in datti ya taru a kan na'ura. Amma ka yi tunanin mai awo da ke gwada mudunsa da buhun da shi ma da mudun aka auna shi. In akwai wani giɓi mai faɗi marar zurfi a bakan, yana iya narkewa cikin gyaran na'ura ba a sani ba. Yawancin 'yan'uwansa shida kuwa suna da irin wannan giɓi mai faɗi, wanda ake dangantawa da maganaɗisunsu, kuma har yau ana gardama ko furoton ne ke yin sa ko atom ɗin haidirojin da maganaɗisu ya murɗe.

Abin da zai raba iska da daskararriyar fata shi ne a auna fuskar kaɗawar hasken a eksire, domin mayafin iska mai maganaɗisu yana jera hasken sosai, daskararriyar fata kuwa kaɗan take yi. NASA ta harba na'urar IXPE a Disambar 2021 don irin wannan awo, amma ganinta yana farawa ne daga ƙarfin da RX J1856 kusan ba ya fitar da komai. Na'urar da za ta iya da haske mai rauni, REDSoX, ana gina ta a MIT a ƙarƙashin Herman Marshall, wanda sunansa ke bin na Drake a maƙalar 2002. A kan roka za ta hau, ta leƙa saman iskar duniya na mintuna kaɗan, ta faɗo.